Daga Sakandare Zuwa Kantin Magani: Giɓin Ƙwararru A Kasuwar Magunguna Ta Maiduguri

MAIDUGURI — Kwanaki kaɗan bayan da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a cikin watan Satumba na 2024, ruwa ya shanye babban ɓangare na birnin Maiduguri, sai Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, wato NAFDAC, ta ba da umurnin a rufe kasuwar magani ta Gamboru ba tare da ɓata lokaci ba. Dalilin da hukumar ta bayar shi ne, an ga ana wanke magungunan da suka kwana cikin ruwan ambaliya, ana shanya su a rana, da nufin a mayar da su kan kanta a ci gaba da sayar wa jama'a.

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa tafka hasara ya san abin da ke cikin zuciyar mai yin haka. Shekara ɗaya da rabi ke nan kacal da 'yan kasuwar birnin suka ga gobarar da ta cinye babbar Kasuwar Monday a ranar 26 ga Fabrairu, 1 ga wata bai ma kama ba, a shekarar 2023, kuma rabon Maiduguri da ambaliya irin wannan tun 1994. Mutumin da ya ga jarinsa na shekara ashirin yana iyo a kan ruwa, da wuya ya yarda ya zuba shi a rami da hannunsa.

Sai dai magani ba atamfa ba ne, da za a shanya a rage kuɗi a sayar. Idan danshi ya ratsa ƙwaya, ƙarfinta ya tafi ko da kamanninta ba su sauya ba. Idan takardar jikin kwalba ta saɓule, ranar lalacewa da lambar rukunin da aka yi maganin sun tafi tare da ita. Abin da ruwa ya rage kuma, zafin rana ya ƙarasa shi. Wannan darasi ne na farko-farko a makarantun da ke horar da ma'aikatan magani. Abin tambaya a nan shi ne, a cikin dubban masu tsayuwa a bayan kantar magani a Jihar Barno, mutum nawa ne aka taɓa zaunar da su a aji aka karanta musu shi?

A dokar Nijeriya, masu hulɗa da magani hawa uku ne. A sama akwai masanin harhaɗa magunguna, wanda ake kira famasis. Shi yakan yi shekara biyar ko shida a jami'a, ya ƙara shekara guda ta sanin makamar aiki, sa'an nan ya yi bautar ƙasa. Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, tana da tsangayar da ke yaye irin waɗannan. A ƙasa kuma akwai mai kemis, wanda aka ba lasin sayar da magungunan da ba sa bukatar takardar likita, a cikin kwalinsu kamar yadda suka fito daga kamfani. Yawancin masu kemis a gaban ubangida suka koyi sana'ar, kamar yadda ake koyon ɗinki ko kanikanci.

Tsakanin waɗannan biyu akwai wani ma'aikaci da ba a cika jin ɗuriyarsa ba, wanda takardun gwamnati ke kira teknishan na famasi. Da Hausa za a iya ce masa malamin magani, kamar yadda ake cewa malamin asibiti ko malamin gona. Shi ne mai karanta takardar likita, ya ƙirga ƙwayoyi, ya rubuta yadda za a sha, ya riƙe littafin sito, a ƙarƙashin kulawar famasis. Wannan shi ne matakin da yaro ko yarinyar da suka gama sakandare za su iya takawa ba tare da sun jira gurbin jami'a ba, kuma shi ne matakin da kasuwar magani ta Maiduguri ta fi ƙishirwarsa.

Aikin ba sabo ba ne a Arewa. Tun 1930 Turawan mulki suka buɗe makarantar koyon harhaɗa magunguna a Zariya, inda aka riƙa yaye waɗanda tsofaffi ke kira disfensa. Su ne suka riƙe ɗakunan shan magani na En'e a gundumomi, a zamanin da likita ɗaya kan ishi lardi guda. Abin da ya sauya shi ne tsari. Dokar soja mai lamba 91 ta 1992 ta kafa hukumar da ke kula da sana'ar, wadda aka fi sani da PCN, mai lamba 15 ta 1993 kuma ta kafa NAFDAC. Ba banza aka yi waɗannan dokoki a jere ba, domin a 1990 yara 109 ne suka rasu a Jos da Ibadan bayan sun sha ruwan farasitamol da aka haɗa da sinadari mai guba. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar da ta faɗaɗa ikon PCN, ta yadda rajistar malaman magani da lasin masu kemis da duba kantuna duk suka tabbata a hannunta.

Hanyar da ɗalibi zai bi a bayyane take. Ana bukatar ya ci darussa biyar da kyakkyawan sakamako a jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO, wato Turanci da Lissafi da Kemistiri da Bayoloji da Fiziks. Daga nan sai ya nemi shiga ɗaya daga cikin kwalejojin koyon fasahar kiwon lafiya da PCN ta amince da su, irin wadda Gwamnatin Jihar Barno ke da ita a Maiduguri. Shekara uku aka saba yi ana wannan karatu, ana haɗa aji da aiki a sashen ba da magani na asibiti, kuma birnin ba ya rasa wuraren koyo, tun daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, zuwa Asibitin Ƙwararru na jiha, da Asibitin Umaru Shehu, da Asibitin Masu Larurar Ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya. Bayan an gama, sai ɗalibi ya zauna jarrabawar ƙasa da PCN ke shiryawa. Wanda ya ci ne kaɗai ake yi wa rajista a ba shi izinin aiki, wanda ake sabuntawa kowace shekara.

A kan takarda abin da sauƙi. A Barno kuwa, tun a sharaɗin farko ake zubar da yawancin yara. A watan Maris na 2014 gwamnatin jihar ta rufe makarantun sakandare saboda hare-haren Boko Haram, wasu daga cikin na cikin Maiduguri suka koma sansanonin 'yan gudun hijira har fiye da shekara biyu. A 2017 Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana cewa tun daga 2009 an kashe malamai fiye da 2,295 a Arewa maso Gabas, an raba wasu 19,000 da muhallansu, an kuma rusa makarantu kusan 1,400. An gina sababbin makarantu masu yawa tun daga lokacin, wasu ma benaye ne da ke ƙawata birnin. Amma gini daban, malamin Kemistiri daban. Yaron da bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba sai ranar jarrabawa, ko ya samu sakamakon a takarda, zai sha wuya ranar da aka ce ya lissafa adadin ruwan maganin da ya dace da jariri mai nauyin kilo shida.

A nan ne ya kamata a waiwayi yadda wasu ƙasashe ke yi. A Amurka, inda aka kafa hukumar ba da takardar shaidar wannan sana'a a 1995, akwai jihohin da ɗalibi ke fara karatun malamin magani tun yana ajin ƙarshe na sakandare. Yakan yi darasi a makaranta, ya je kantin magani na unguwa ya koyi aiki na wasu sa'o'i, ya zauna jarrabawa dab da kammalawa, ya fito da takarda biyu a hannu. Nijeriya ba ta da irin wannan tsari, kuma akwai hujja mai ƙarfi ta ƙin gaggawar kwaikwayonsa. A can ɗalibin yana tsaye ne kusa da famasis a kowace sa'a. A nan, malamin maganin da aka tura wani ƙauye a Ƙaramar Hukumar Mobbar ko Kala-Balge zai iya shafe wata bai sa famasis a ido ba. Wanda za a bari shi kaɗai, ba a rage masa karatu.

Duk da haka akwai abin ɗauka. Manhajar manyan azuzuwan sakandare da aka fara aiki da ita a 2011 ta zo da darussan sana'a 34, cikinsu har da kula da sito, da riƙe littafin kuɗi, da dabarun sayarwa. Rabin aikin malamin magani ke nan. Makarantar da ta haɗa wa ɗalibin kimiyya waɗannan darussa, ta kuma kai shi ya ga sashen magani na asibiti ko da sau biyu a zango, ta riga ta share masa hanya. Yawancin ɗaliban kimiyya ba su san da wannan sana'a ba sam. Kowa likita yake so ya zama, sai an sha kaye a jarrabawar shiga jami'a sau biyu ko uku sa'an nan a fara tambayar wata hanya, shekaru kuwa sun tafi.

Ga ɗan kasuwa, batun na lissafi ne kafin ya zama na lafiya. Magani kaya ne mai wa'adi, kuma a shekarun nan ya zama kaya mai tsadar gaske. Alƙaluman da hukumomi suka saba bayarwa sun nuna kimanin kashi 70 cikin ɗari na magungunan da ake sha a ƙasar nan daga waje ake shigo da su, galibi daga Indiya da Sin. Da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na 2023, farashi ya yi tashin gwauron zabo. A watan Agusta na wannan shekara kamfanin GSK ya ba da sanarwar daina gudanar da harkokinsa kai tsaye a Nijeriya, Sanofi ma ya bi sahu kafin shekarar ta ƙare. A watan Yuni na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umurnin janye haraji daga kayan da masana'antun magani ke shigowa da su, amma ɗan kasuwar Maiduguri, wanda kayansa ke tasowa daga Legas ko Anacha ko Kano, sai ya ƙara da kuɗin mota na hanya mafi tsawo a ƙasar.

Alal misali, a ɗauka mai kanti ya zuba Naira miliyan biyar a kaya. Idan kashi goma cikin ɗari suka lalace a kan kanta saboda yaron shago yana ɗora sabon kwali a gaban tsoho, Naira dubu ɗari biyar ta tafi ba tare da ɓarawo ya shigo ba. Ƙa'idar da ake koya wa malamin magani ita ce, wanda zai riga lalacewa shi ake fara fitarwa, ko da shi ne ya zo a baya. Ana koya masa ya ajiye kati ga kowane irin magani, ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ya san adadin da idan aka kai shi dole a yi oda, ya kuma san cewa maganin zazzaɓin cizon sauro kafin damina ake tanadinsa, ba bayan asibitoci sun cika ba. Mai kantin da ke ganin albashin ƙwararre ya yi masa yawa, bai taɓa zama ya auna shi da kwalayen da yake ƙonawa a ƙarshen shekara ba. Araha dai ba ta ado.

Sa'an nan ga zafi. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi a Maiduguri yakan haura digiri 40, alhali a jikin yawancin kwalayen an rubuta kada a ajiye su a inda ya wuce digiri 30, wasu ma 25. Insulin na masu ciwon sukari, da allurar oksitosin da ake yi wa mai haihuwa don tsayar da jini, da alluran rigakafi, duk tsakanin digiri 2 zuwa 8 suke so. A watan Janairu na 2021 mahara suka kayar da turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, birnin ya daɗe cikin duhu, har sai da aka gina tashar wuta mai aiki da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, wadda aka buɗe a watan Maris na 2023. Masu hali sun koma ga firiji mai aiki da hasken rana. To amma firiji ba ya rubuta zafin cikinsa safe da yamma a littafi, kuma ba ya sanin cewa allurar da ta daskare ita ma ta lalace. Wannan aikin mutum ne. Allurar da zafi ya kashe, kamanninta ɗaya da mai rai, ba a gane bambancinsu sai a jikin majinyaci.

Akwai kuma wata fa'ida da ba ta shiga littafin kuɗi, amma ita ke riƙe mai saye. Bayanin jikin magani da Turanci yake zuwa. Mai sayensa a Maiduguri kuwa Barbarci yake ji, ko Hausa, ko Larabcin Shuwa, ko Babur, ko Margi. Ɗan gari da aka horar zai yi wa tsohuwa bayani da harshenta, ya ja mata layi uku a bayan ambulan, na safe da na rana da na dare, ya kuma gargaɗe ta kada ta daina sha don ta ji sauƙi. Mata da yawa ma sun fi sakin jiki su faɗi abin da ke damunsu idan mace ce a bayan kanta, abin da ya sa iyayen da ke neman sana'ar mutunci ga 'ya'yansu mata ya kamata su dubi wannan fanni da kyau.

Ta fuskar guraben aiki, bukatar ta fi ƙarfin kantuna. A watan Disamba na 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa daga cikin cibiyoyin lafiya 743 da aka ƙidaya a Jihar Barno, kashi 35 cikin ɗari an rusa su ƙurmus, kashi 29 kuma an lalata wani sashe nasu. Tun daga 2021 gwamnatin Farfesa Babagana Umara Zulum ta shiga rufe sansanonin 'yan gudun hijira na Maiduguri tana mayar da jama'a garuruwansu, kuma duk asibitin da aka sake ginawa a Bama ko Gwoza ko Monguno yana da ɗakin magani da ke jiran mai riƙe makulli. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, ta kuma keɓe kashi 20 na asusun ga magunguna da alluran rigakafi, kashi 10 kuma ga horar da ma'aikata.

Masu dogon tunani za su tuna cewa an taɓa bin irin wannan hanya. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako da tsarin asusun magani mai juyawa, wato a sayar da magani da 'yar riba, a mayar da kuɗin a sayo wani. Asusun PTF ma ya zuba magunguna a asibitoci a kan wannan tsari a ƙarshen shekarun 1990. A wurare da dama jarin ya narke cikin 'yan shekaru, ba don tsarin ba shi da kyau ba, sai don babu mai riƙe lissafi da amana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje, waɗanda suka cika Maiduguri tun wajen 2016, sun ɗauki ma'aikatan magani da dama da albashin da ya fi na gwamnati. Sai dai tun da Amurka ta datse tallafin da take bayarwa a farkon 2025, wannan ƙofa ta ƙuntata. Matashin da zai shiga karatun don hangen albashin ƙungiya kawai, gara ya sake lissafi.

Abin da ya fi tabbas shi ne kasuwa, ita ma kuwa tana sauya fuska. A watan Fabrairu na 2024 aka tashi dillalan magani daga Sabon Garin Kano aka mayar da su cibiyar sayar da sari ta Dangwauro, a kan hanyar Zariya, inda jami'an NAFDAC da na PCN ke sa ido. A Fabrairun 2025 kuma NAFDAC ta rufe manyan kasuwannin magani na Idumota da Anacha da Aba na tsawon makonni tana bincike. Manufar Gwamnatin Tarayya a fili take: a kawo ƙarshen sayar da magani a buɗaɗɗiyar kasuwa. Maiduguri, wadda fatakenta ke kai kaya har Kamaru da Cadi ta Gamboru-Ngala, da Difa ta Damasak, ba za ta tsira daga wannan guguwa ba. PCN ta kuma ɓullo da tsarin raba masu kemis hawa uku, wanda aka fara gwadawa a Legas da Kaduna: waɗanda ba su da karatun lafiya a hawa na ɗaya, masu takardar jinya ko ungozoma ko lafiyar al'umma a na biyu, malaman magani kuma a na uku, wato mafi girma. Ma'anar wannan ita ce, takardar ba ta neman aiki ba ce kaɗai, jari ce ta buɗe kanti. Amma tana da iyaka: ba ta ba mutum ikon buɗe cikakken famasi, wanda doka ta ce sai da famasis mai kula da shi.

Ba za a ɓoye cewa sana'ar na da tarko ba. Binciken da aka yi a 2018 tare da Ofishin Yaƙi da Miyagun Ƙwayoyi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi. A watan Mayu na 2018 Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya haramta yi da shigo da maganin tari mai kodin. Tiramadol da NAFDAC ta amince da shi mai miligiram 50 ne da 100, amma wanda jami'ai ke kamawa yakan kai 225. Ribar da ke cikin irin wannan kaya ta ninka ta farasitamol nesa ba kusa ba, kuma matashi ɗan shekara ashirin da ke riƙe da makullin sito shi ne wanda za a fara zuwa wa da tayi. Bambancinsa da yaron shago shi ne, shi yana da suna a rajista da izinin da za a iya ƙwacewa.

Wani tarkon kuma na iyaye ne. An shafe fiye da shekara ashirin ana taƙaddama tsakanin PCN da Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta Ƙasa, wato NBTE, a kan difloma ta fasahar magunguna da wasu makarantu ke bayarwa, wadda PCN ba ta yi wa masu ita rajista. Sai a 2024 ɓangarorin biyu suka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta dakatar da babbar difloma a fannin, aka tsaya a kan ƙaramar difloma ta malamin magani. Kafin a kai nan, ɗalibai da yawa sun kashe kuɗi da shekaru a kan takardar da ba ta kai su bayan kanta ba. Makarantun kiwon lafiya masu zaman kansu kuwa sai ƙaruwa suke yi a biranen Arewa, kowace da allonta mai walƙiya. Kafin uba ya biya ko sisi, sai ya tabbatar a ofishin PCN cewa an amince da wannan kwas ɗin a wannan makarantar, domin amincewa da kwas ɗin jinya ko na gwaje-gwaje ba ta wadatar wa na magani.

Ga attajirin da ke tunanin ɗaukar nauyin karatun ɗan'uwa ko yaron gidansa don ya dawo ya riƙe masa kanti, akwai abu guda da ya kamata ya sani tun kafin a cika fam. Rajista da izinin aiki da sunan wanda ya yi karatun ake rubuta su, ba da sunan wanda ya biya kuɗin makaranta ba. Ranar da yaron ya samu tayi mafi tsoka a Damaturu ko Kano ya tafi, takardarsa tana cikin jakarsa. Don haka yawan shekarun da zai yi wa kantin aiki, da albashinsa, da ko za a ba shi kaso a cikin riba, duk a rubuta su a gaban shaidu tun yana ajin farko.